Canji da Zukatan da Zai Ratsa

A shekarun 1940 akwai wani kamfanin ɗinka kayan barci mai suna Harwood a garin Marion da ke jihar Virginia ta Amurka, wanda wata matsala ta hana sakat. Kasuwa takan tilasta masa sauya salon aiki lokaci zuwa lokaci, kuma duk sa'ad da aka raba ma'aikata da abin da hannunsu ya saba da shi, sai aikin ya zube. Yawan abin da suke fitarwa ya ragu, ƙorafi ya ƙaru, wasu su ajiye aikin su kama gabansu. An gwada ƙara musu ɗan kuɗi a lokacin da suke koyon sabon salo, amma a banza. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, tsohuwar ma'aikaciyar da aka sauya wa aiki takan fi sabuwar ɗauka daɗewa kafin hannunta ya faɗa.

Lester Coch da John French suka yi wani gwaji a can, suka wallafa sakamakonsa a 1948. Sun raba ma'aikatan da za a yi wa sauyi gida-gida. Kashi na farko an tara su kamar yadda aka saba, aka gaya musu cewa ga sabon tsari, ga yadda za a riƙa lissafin ladansu, aka amsa tambayoyinsu, aka sallame su. Kashi na biyu an nuna musu dalilin sauyin ƙarara, suka zaɓi wakilai daga cikinsu da za su zauna a tsara sabon aikin tare. Sauran kuwa kowa da kowa aka sa a cikin tsarawar. Sauyin da kansa ba wani babba ba ne, bai wuce irin yadda za a ninke kaya ko a jera su ba. Amma kashi na farko aikinsu ya faɗi ya ƙi tashi, suka shiga takun-saƙa da masu kula da su, kuma kashi 17 cikin ɗari suka bar aiki a kwana 40 na farko. Waɗanda aka dama da su gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki suka farfaɗo, har suka zarce abin da suke yi a da da kusan kashi 14 cikin ɗari, kuma ba wanda ya tafi a cikin waɗannan kwanaki. Bayan 'yan watanni aka sake tara ragowar mutanen kashi na farko, aka yi musu wani sauyin, wannan karon da shawararsu. Su ɗin nan da aka yi wa kallon masu taurin kai suka karɓi aikin suka yi fice.

Rukunonin ƙanana ne, kuma masana sun daɗe suna muhawara a kan yadda ya kamata a fassara gwajin. Duk da haka abin da ya nuna ya ci gaba da bayyana a bincike iri-iri tun daga lokacin. Abin da ke hana canji tafiya sau da yawa yana cikin ƙirjin mutanen da za su ɗauke shi: tsoron zubewar girma, takaicin an yanke hukunci a kansu ba a tambaye su ba, zullumin ko za su iya. Waɗannan abubuwa labari suke ɗauke da shi game da canjin. Wanda ya iya karanta su ya san inda tsarinsa zai karye tun kafin ya karye. Wanda ya ɗauke su a matsayin surutu da za a rufe wa baki ya rufe wa kansa ido ne.

Iya karanta su ɗin shi ne basirar motsin rai. Peter Salovey na jami'ar Yale da John Mayer na jami'ar New Hampshire ne suka kafa mata harsashi na ilimi a wata maƙala ta 1990, daga baya a 1997 suka fayyace ta zuwa ƙwarewa huɗu masu hawa kan juna: mutum ya gane abin da yake ji da abin da wasu ke ji, ya yi amfani da jin nan wajen tunani, ya fahimci daga ina ya taso da kuma inda zai iya kaiwa, sannan ya iya sarrafa shi a kansa da kuma a tsakaninsa da mutane. Littafin Daniel Goleman na 1995 shi ya fitar da batun daga ɗakunan jami'a zuwa ofisoshi da kamfanoni, inda aka fi sanin sa da rabe-raben Goleman: sanin kai, kame kai, himma, tausayawa da iya zama da jama'a. Mutane da yawa suna zaton ma'anarta sanyin hali ko daɗin baki. Akwai mai fara'a da ba ya gane komai a fuskar abokin maganarsa, akwai kuma mai kaifin harshe da ya san daidai lokacin da zai yi shiru ya saurara.

Me ya sa canji ke da ciwo har haka, ko da mai kyau ne? A 1967 likitocin ƙwaƙwalwa biyu, Thomas Holmes da Richard Rahe, suka jera abubuwa 43 da kan faru a rayuwa, suka ba kowanne maki gwargwadon yadda yake tilasta wa mutum sake tsara zamansa. Mutuwar miji ko mata ita ce a sama da maki 100, rabuwar aure 73, kora daga aiki 47, ritaya 45. Aure kuwa, abin farin ciki, maki 50 ya samu, wato ya ɗara kora daga aiki. Ma'aunin yana da rauninsa, domin abu ɗaya ba ya yi wa mutum biyu nauyi iri ɗaya, amma ya kama wata gaskiya da muke yawan mantawa: jiki da zuciya suna biyan kuɗin sauyi ko da mu muka roƙe shi. Shi ya sa za ka ga wanda aka yi wa ƙarin girma yana kasa barci, ya kuma kasa gaya wa kowa, don kada a ce ya raina ni'ima.

Sai kuma yadda muke auna riba da asara. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun a 1979 cewa ɗan Adam ba ya ɗora su a ma'auni ɗaya. Zafin rasa abu ya fi daɗin samun kwatankwacinsa, a ƙiyasinsu na baya da kusan ninki biyu. Idan aka ɗora wannan a kan sauyin wurin aiki, sai a ga inda gizo ke saƙa. Ribar da shugaba ke wa'azi a kanta tana gaba, ba tabbas, kuma galibi ta kamfani ce gaba ɗaya. Asarar kuwa ta yau ce, tabbatacciya, kuma ta mutum ɗaya ce mai suna: teburinsa, abokan zamansa, ƙwarewar da ake girmama shi dominta. Shugaban da ya tsaya yana ƙara jero amfanin sabon tsari ga mutumin da ke lissafin abin da zai rasa, magana yake yi a kan wani abu dabam da wanda ke damun mai sauraronsa.

Abu na uku shi ne rashin tabbas, kuma a ganina shi ya fi yin ɓarna a wuraren aiki. A wani gwaji da aka yi a Landan aka wallafa a 2016, Archy de Berker da abokan aikinsa sun sa mutane wani wasan kwamfuta na ɗaga duwatsu. Idan aka tarar da maciji a ƙarƙashin dutse, sai a ɗan ja mutum da lantarki a hannu. An auna gumin jikinsu da buɗewar ƙwayar idonsu, an kuma tambaye su abin da suke ji. Hankalinsu ya fi tashi a lokacin da yiwuwar jan lantarkin ta kasance rabi da rabi, fiye ma da lokacin da suka tabbata za a ja su. Ma'aikacin da ya ji ƙishin-ƙishin za a rage mutane, aka bar shi wata da watanni ba wanda ya ce masa uffan, a wannan halin yake kwana yake tashi. Shirun da shugabanni ke yi da niyyar kada a tayar da hankali shi ne ke tayar da shi, kuma jita-jita ba ta barin gurbi a buɗe.

William Bridges, wanda ya yi rubutu a kan wannan a 1980 da 1991, ya raba abubuwa biyu da muke haɗawa. Akwai sauyin da ke faruwa a waje, mai rana da kwanan wata: an haɗe sassa biyu, an koma sabon gari, an kawo sabuwar manhaja. Akwai kuma tafiyar da zuciya ke yi kafin ta iso inda jiki ya riga ya iso, wadda ba ta bin kalanda. A wurinsa wannan tafiya da ƙarewa take farawa, wato mutum ya saki abin da ya wuce. Daga nan sai a shiga wani tsaka-mai-wuya, tsohon ya tafi, sabon bai zauna ba, kafin a kai ga sabon farawa na gaske. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallake matakin farko. A yi taron ƙaddamarwa, a yi ta yabon gobe, ba wanda ya tsaya ya ce abin da kuka gina a shekarun nan yana da daraja, kuma mun san rabuwa da shi ba sauƙi. Wani lokaci ma don a tallata sabon sai a yi ta kushe tsohon, a manta cewa mutanen da ke zaune a ɗakin su ne tsohon.

Aikin yana farawa ne daga mutum shi kaɗai, domin wanda bai san abin da ke damunsa ba zai sauke shi a kan wasu. Mataki na farko shi ne kiran abin da sunansa, kuma a kira shi daidai. "Raina a ɓace yake" bai isa ba. Tsoro ne, ko kunya, ko kishi, ko baƙin cikin rabuwa? Kowanne da abin da yake nema. Tsoro bayani yake so da shiri. Kunyar rashin iya sabon abu koyo take so a inda ba za a yi wa mutum dariya ba. Baƙin ciki lokaci yake so, ba ya jin lallashi na gaggawa. Fushi kuwa sau da yawa alama ce ta cewa mutum yana ganin an taka wani haƙƙi, sai a bincika ko an taka ɗin da gaske. Binciken Matthew Lieberman na jami'ar California a Los Angeles, wanda ya fito a 2007, ya nuna cewa idan mutum ya sa wa motsin ran da ya gani a fuska suna, aikin amigdala, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke saurin amsa barazana, yakan ragu, ɓangaren gaba mai tunani kuma ya ƙara motsi. Faɗin abin, ko rubuta shi a takarda, yana rage masa kaifi.

Mataki na biyu shi ne abin da mutum zai yi da jin bayan ya gane shi, kuma a nan ne mutane masu kirki da yawa ke cutar da kansu. James Gross na jami'ar Stanford ya shafe shekaru yana kwatanta hanyoyi biyu. Ɗaya ita ce dannewa: abu na cin ka a ciki, ka ɗaure fuska kamar ba komai. Ɗayar ita ce sake kallon lamarin ta wata fuska tun kafin ya gama cika ka. Abin da aka gano shi ne dannewa tana ɓoye alamar a waje, amma zafin na ciki yana nan, jiki ma ƙara aiki yake yi, kuma mutum yakan kasa tuna abin da aka tattauna domin hankalinsa ya tafi wajen tsare fuskarsa. A wani gwajin na 2003 an ga har hawan jinin abokin hirar mai dannewa yana ɗagawa. Wato mutane suna jin akwai abin da ake ɓoye musu ko da ba su san mene ne ba. Shugaban sashen da ke cike da fargaba amma yana murmushi yana cewa komai lafiya, ba kwantar wa kowa hankali yake yi ba.

Sake kallon lamari ba yaudarar kai ba ne. Wanda aka mayar wani sashe ba da son ransa ba, ba a ce ya gaya wa kansa wai abin alheri ne ba. Abin da ake nufi ya raba abin da ya faru da fassarar da zuciyarsa ta yi masa. An mayar da ni wani sashe, wannan ya faru. An yi ne don a wulaƙanta ni, wannan fassara ce, mai yiwuwa gaskiya, mai yiwuwa a'a, kuma ana iya tambaya. Daga nan ya duba me ke hannunsa da me ba ya hannunsa, ya zuba ƙarfinsa a na farkon. Yana kuma taimakawa mutum ya riƙe wasu abubuwa na yau da kullum yadda suke, lokacin barcinsa, motsa jikinsa, mutanen da yake hira da su, don kada komai ya motsa a lokaci ɗaya. Idan kuwa abin ya kai ga makonni ba barci, ba cin abinci, ba sha'awar komai, to ya wuce batun dabara, likita ake nema.

Akwai wani zane da masu horar da ma'aikata ke son nunawa, mai matakai biyar: musu, fushi, ciniki, baƙin ciki, sallamawa. Asalinsa aikin Elisabeth Kübler-Ross ne na 1969, kuma a kan marasa lafiyar da ke fuskantar mutuwa ta yi shi, daga baya aka ɗauko shi aka kai ofis. Yana da amfani wajen nuna wa mutum cewa abin da yake ji ba baƙon abu ba ne. Amma bincike bai tabbatar da cewa mutane suna bin matakan a jere ba, kuma yana da haɗari idan ya faɗa hannun shugaban da ba ya son sauraro. Ma'aikaci ya kawo ƙorafi mai tushe, sai a ce ai yana matakin fushi ne, zai wuce. An mayar da hujjarsa ciwo ke nan.

A wurin aiki ga yadda abin yake kasancewa idan aka matso kusa. Ka ɗauki wani dattijon ma'aikaci a sashen lissafi, wanda duk wata ƙididdiga da ta rikice wurinsa ake kai ta. An kawo sabuwar manhaja. A taro ya gyara zama ya ce, "Yallaɓai, ni fa ban yarda da abin nan ba. Idan intanet ya yanke ranar biyan albashi fa?" Shugaban ya amsa da bayanin yadda aka tanadi madadin. Ya sake cewa, "To idan aka shigar da lamba ba daidai ba fa?" Aka sake amsawa. Tambaya ta uku ta zo, shugaban ya fara ƙosawa, ya rubuta a ransa cewa wannan mutum matsala ne. Alhali duk tambayoyin riga ce. Abin da ke ƙarƙashinsu shi ne, mutumin da kowa ke zuwa tambaya zai koma yana tambayar yaron da aka ɗauka bara, a gaban kowa. Ba zai taɓa faɗin haka a taro ba, wataƙila ma bai faɗa wa kansa ba.

Shugaba mai basira yakan lura da cewa amsoshin ba sa kashe tambayoyin, ya gane ba a nan ciwon yake ba. Sai ya same shi su biyu. "Malam, kai ka fi kowa sanin wuraren da lissafin nan ke ɓacewa. Ina so ka zauna da masu girka manhajar ka nuna musu su ɗaya bayan ɗaya kafin mu fara. Koyon kuma za a ware maka lokaci, ba a cikin taro ba." Sharaɗin kawai shi ne maganar ta zama gaskiya. Idan da gaske ana buƙatar iliminsa, an tsare masa mutunci, an kuma tsare kamfanin daga kurakuran da shi kaɗai ya san da su. Idan daɗin baki ne don a wuce wurin, zai gane cikin mako guda, kuma abin da zai biyo baya ya fi tirjiyar farko muni.

Tirjiya kamar zazzaɓi ce: alama ce ta wani abu, kuma wanda ya sauke ta bai binciki musabbabinta ba bai yi magani ba. Wani lokaci musabbabin tsoro ne da za a iya kwantarwa. Wani lokaci kuwa mai tirjiyar ya hango rami ne a cikin tsarin, wanda na sama ba za su iya gani daga inda suke ba.

Abin da ya faru da Nokia ya nuna tsadar rasa irin wannan labari. Kamfanin na ƙasar Finland shi ke kan gaba a kasuwar wayar hannu ta duniya lokacin da iPhone ta fito a 2007, amma a 2013 ya sanar da sayar da sashen wayoyinsa ga Microsoft. Timo Vuori da Quy Huy sun yi hira 76 da manyan shugabanni da na tsakiya da injiniyoyi da masana na waje, suka wallafa abin da suka samu a 2016. Sun tarar tsoro iri biyu ne ya yi aiki. Manyan suna tsoron abokan hamayya da masu hannun jari, don haka suka matsa wa na ƙasa lamba ba tare da sun bayyana musu girman barazanar ba. Na tsakiyar kuma suna tsoron manyan, sai suka riƙa kai rahoto mai daɗin ji, suna alkawarin abin da suka san da wuya ya yiwu, suna rage kaifin matsalolin Symbian, manhajar da wayoyin Nokia ke aiki da ita. Ilimin yana cikin kamfanin, amma tsoro ya hana shi hawa sama. Akwai wasu dalilan faɗuwar Nokia, na fasaha da na kasuwa, sai dai wannan shi ne wanda shugabanni suka haifar da halinsu.

Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta ci karo da ɗaya fuskar lamarin a asibitoci. Ta shiga bincikenta da zaton rukunin ma'aikatan jinya masu kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani, sai ta tarar su ne suka fi yawan kuskure a rubuce. Da aka duba, sai ya bayyana cewa sun fi sakin jiki ne su faɗi kuskurensu. Daga nan ta gina abin da ta wallafa a 1999 game da amincin da mutum ke ji a rukuni, cewa zai iya tambaya ko ya ce na yi kuskure ba tare da an muzanta shi ba. A lokacin canji kowa ɗan koyo ne, kuskure kuma dole ne. Fuskar da shugaba ya nuna wa mutum na farko da ya kawo mummunan labari ita za ta yanke ko zai sake jin wani.

Yadda ake isar da labari mai ɗaci ma an auna shi. Jerald Greenberg ya bi wani kamfani a Amurka da ya rasa kwangiloli, ya rage albashi da kashi 15 cikin ɗari na mako 10 a masana'antunsa biyu. A ɗaya an zauna da ma'aikata an yi dogon bayani, an nuna lissafin, an nuna damuwa, an amsa tambayoyi. A ɗayar an sanar a taƙaice aka tashi. Ragin iri ɗaya ne, amma satar kayan kamfani da ajiye aiki sun fi yawa nesa ba kusa ba a inda aka yi sanarwar a gajarce. Sakamakon ya fito a 1990. Shekara guda bayan haka David Schweiger da Angelo DeNisi suka nuna kusan haka a lokacin haɗewar kamfanoni biyu: masana'antar da aka riƙa gaya wa ma'aikatanta gaskiyar abin da ke tafe, mai daɗi da marar daɗi, ta fi saurin dawowa hayyacinta. Ko inda ba a yanke shawara ba tukuna, faɗin cewa ba a yanke ba, da ranar da za a yanke, ya fi shiru.

Wani abin da shugabanni ke mantawa shi ne sun riga kowa fara tafiyar. Sun yi watanni suna juya batun, sun yi nasu musun da fargabar a ɗakin taro, sun huce. Ranar da suka sanar, su sun gama, ma'aikata kuwa ranar suka fara. Gajen haƙurin da ke biyo baya daga nan yake fitowa. Nauyin cike wannan tazara kuma a kan shugabannin tsakiya yake sauka, waɗanda ake so su tallata hukuncin da ba su yanke ba, alhali su ma kujerarsu na rawa. Binciken Huy na 2002 ya nuna cewa canji mai zurfi ya fi tafiya inda waɗannan mutane suka haɗa abu biyu, tura sabon tsari gaba da kula da halin da na ƙasa da su ke ciki. Aiki ne mai cin rai, kuma da wuya a ga an rubuta shi cikin ayyukan kowa ko an yaba wa wani a kansa.

Dole a yi hattara da abin da ake jingina wa wannan fanni. Za ka ji ana cewa kashi 70 cikin ɗari na yunƙurin canji a kamfanoni faɗuwa yake yi. Mark Hughes ya bi diddigin wannan adadi a 2011 ya tarar ba shi da wata hujja ta bincike da za a dogara da ita. Haka ma maganar cewa basirar motsin rai ce ke kawo kashi 80 cikin ɗari na nasara, ba ta da tushe, kuma Mayer da Salovey da kansu sun nesanta aikinsu daga irin wannan zuzutawa. Tasirinta na gaske ne, matsakaici, ya fi fitowa a ayyukan da ake mu'amala da mutane sosai. Ba ta gyara tsarin da aka gina a kan lissafin banza, ba ta biyan albashin da aka hana. Kuma ƙwarewa ce da mugu ma zai iya mallaka: wanda ya iya karanta zuciya zai iya juya ta don amfanin kansa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne inda ake tura ma'aikata horon juriya da kame kai alhali abin da ke damunsu aiki ne da ya fi ƙarfinsu ko zalunci a rabon sa. An ɗauke laifin daga tsari ke nan an ɗora wa wanda tsarin ya danne.

Inda ake gane bambancin sosai shi ne ranar da canjin ya zama sallamar mutane. Babu iya magana da za ta cire ɗacin wannan. Abin da ya rage a hannun shugaba shi ne yadda za a yi: a gaya wa mutum baki da baki, a faɗi ma'aunin da aka bi wajen zaɓe, a ba shi lokaci da haƙƙinsa cikakke, a bar shi ya yi sallama da abokan aikinsa. Waɗanda suka rage suna kallon duk wannan, suna kuma auna abin da za a yi musu idan tasu ta zo. Joel Brockner na jami'ar Columbia da abokan aikinsa sun bi irin waɗannan ma'aikata da suka tsira daga ragi, kuma a wani bincike na 1992 suka tarar cewa idan ana ganin ba a yi adalci ba, waɗanda kamfanin ya fi fita daga ransu su ne waɗanda a da suka fi kowa ba shi amana.